Tabarau Mai Jan Madauri

A shekarar 2013 Rilwanu ya fara haɗuwa da Elhaji Issa. A wancan zamani, in mutum ya fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ya nufi manyan kantunan titin Guangyuan, sai ya riƙa jin Hausa ta ko'ina kamar ya sauka a Kantin Kwari. Rilwanu ɗalibi ne, ɗan Yakasai, yana koyon Sinanci a jami'a. Yayarsa ce ta aike shi ya saya mata jakunkunan 'yan makaranta. Ciniki ya kusa faɗawa sai wani dogon dattijo mai rawani ya tsaya kusa da shi, ya ɗora yatsa a inda maratayi ya haɗu da jaka, ya danna. Ɗinkin ya buɗe. Dattijon bai ce uffan ba, ya wuce abinsa.

Rilwanu ya ajiye jakar ya bi shi da sauri.

"Baba, na gode. Amma me ya hana ka yi magana?"

"In na yi magana na ɓata da mai shago, ni kuwa gobe nan zan komo," in ji dattijon. "Ubana dillalin raƙuma ne a Agadas. In raƙumi na da aibi, hannu yake ɗorawa wurin, mai saye ya gani da idonsa. Kai ɗan Kano ne ko? Na sani. Ku baki gare ku, ido babu."

Daga ranar suka saba. Duk zuwan da Elhaji Issa zai yi sayayya sai ya nemi ɗan Kano.

Rilwanu ya gama karatu, ya auri Saffana, suka haifi Najiba. A 2019 ya sami aiki mai ban mamaki ga ɗan Yakasai: wata ƙaramar mujalla ta masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara tana neman wanda zai rubuta mata sashen Turanci domin masu sayen kaya na ƙasashen waje. Garin ba ya ganin dusar ƙanƙara, amma akwai wani ƙaton gini a Huadu da ake yin ta da inji. A can aka koya masa zamiyar. Ya sha faɗuwa har ma'aikatan wurin suka san sunansa. Da ya ƙware, aka riƙa ba shi safar hannu da hular kwano da tabarau ya gwada, ya rubuta abin da ya gani, ya ba su taurari daga ɗaya zuwa biyar. Da wannan aiki aka ba shi izinin zama, shi da iyalinsa. Lokacin annoba, da titin Guangyuan ya zama kufai, 'yan'uwa suka watse, takardar mujallar ce ta riƙe su.

Tabaran ne suka sake haɗa sana'arsa da ta Elhaji Issa. Direbobin hamada, masu bin hanyar Dirku da wuraren haƙar zinariya, sun gano cewa ba abin da ke kare ido daga yashi kamar tabaran 'yan ƙanƙara, masu faɗin gilashi da soso a gefe. Elhaji Issa ya koma sarinsu kwali-kwali. Ba ya karanta Turanci, amma ya iya ƙirga taurari, ya kuma san yadda ake rubuta sunan Rilwanu.

"In na ga sunanka a ƙasa, ba ni tambayar kowa," yakan ce.

A ƙarshen 2023 aka kawo wa Rilwanu wani sabon tabarau mai jan madauri. Kyakkyawa ne, mara nauyi, ba ya yin hazo. Ya sa shi ya gangaro, ƙafarsa ta goce, ya kifa. Faɗuwar ba ta kai ta kawo ba, amma gilashin ya tsage daga gefen hagu, wani ɓangare ya yanke shi a ƙasan ido. Ya nemi wasu guda biyu, ya danna gefen da babban yatsa. Duka suka tsage a wuri ɗaya. Ya rubuta haka ya ba su tauraro biyu.

Shugabar mujallar, Madam Liang, ta kira shi ofis. Mace ce mai kirki, ita ta yi ta zirga-zirga a kan takardunsa lokacin annoba. Ta juya masa bangon baya na mujallar, inda tallan kamfanin tabaran ya cika shafi.

"Wannan shafin ne albashinka," ta ce. "Shi ne nawa ma."

"Lawban," ya ce, wato shugaba da Sinanci, "duba fuskata."

"Na gani. Sun ce kwalin da aka kawo mana ne ya sami matsala, za su gyara."

"To mu rubuta cewa za su gyara."

"Ba haka ake yi ba, Rilwanu. Ka yabi rashin nauyinsa, ka yabi madaurin. Ban ce ka yi ƙarya ba, cewa na yi ka taƙaita."

Ya ƙi. Ta tuna masa, cikin murya mai laushi, cewa ya sa hannu ba zai faɗi sakamakon gwaji a waje ba, kuma a watan Maris za a sabunta izinin zamansa. Da mujallar ta fito, ya buɗe ya ga an cire sakin layin tsagewar, an mayar da taurari biyar, ga sunansa a ƙasa. Har da hotonsa sanye da tabaran, wanda aka ɗauka kafin ya faɗi.

Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ya rubuta gyara, aka ce ba fili. Ya roƙi a cire sunansa daga shafin intanet, aka ce mai kula da shafin yana hutu. Ya je wurin abokan aikinsa, suka yi dariya suka ce kowace mujalla haka take, masu karatu ma sun sani. Ya koma duba tsofaffin fitowa, ya lura da abin da ya daɗe yana kauda kai a kansa: duk kamfanin da ya sayi shafi bai taɓa samun ƙasa da taurari huɗu ba, ƙananan masana'antun da ba sa talla kuwa su ake nuna wa tsanani.

"Abban Najiba, ka ci abinci mana," in ji Saffana. "Tun da ka shigo kake tsaki kamar tsaka."

"Sunana suka sa a kan ƙarya."

"Su wa suka san sunan naka? Mutanen da ke biyan kuɗi don su ji sanyi? Najiba ta saba da makarantarta. Ka yi haƙuri zuwa Maris, in an buga mana hatimi ka yi duk faɗan da za ka yi."

Ya san tana da gaskiya. Ya ci gaba da zuwa aiki.

Wata Juma'a a watan Janairu, bayan an idar da salla a Masallacin Huaisheng, ya ji an dafa kafaɗarsa. Elhaji Issa ne, gemu ya ƙara fari, yana riƙe da waya, shafin nan a buɗe.

"Ɗan Kano! Ka zama ɗan fim! Taurari biyar, wanga karo ba ka yi rowa ba. Litinin zan tahi in biya, na duk shekara zan ɗauka. Mi ya same ka a ido?"

"Faɗuwa na yi, Baba."

"Kai ma dai. Ƙato da kai kana wasan yara."

Rilwanu ya yi dariyar yaƙe. Duk hanyar gida yana tunanin direba a bayan sitiyari, tsakuwa ta taso daga tayar motar gaba. Ɗan zamiya in ya ji ciwo akwai ɗakin magani a ƙasan ginin. A hanyar Dirku ba komai sai yashi.

Ranar Litinin ya ce wa Saffana zai raka Baba Issa sayayya. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta miƙa masa rigar sanyi.

A ɗakin nuna kayan kamfanin, manajan ya gane Rilwanu nan take, domin hotonsa na manne a bango. Ya yi murna, ya sa aka kawo shayi. Aka jera tabarau a kan tebur, Elhaji Issa yana juya ɗaya yana yaba madaurin. Rilwanu bai ce komai ba. Ya miƙa hannu ya ɗora babban yatsa a gefen hagu na gilashin, ya danna. Aka ji ƙas. Sannan ya ɗora yatsan a kan tabon da ke ƙasan idonsa.

Elhaji Issa ya dubi gilashin, ya dubi fuskar. Ya shanye shayinsa a natse, ya miƙe, ya ce wa manajan da Sinancinsa na kasuwa yau babu, sai wani jiƙon.

A waje ya tsaya ya gyara rawani.

"Wanga abu zai ja maka matsala?"

"Ban faɗa wa kowa komai ba, Baba. Kai shaida ne."

Manajan ya buga wa Madam Liang waya tun kafin su kai tasha. Ba ta yi wa Rilwanu faɗa ba. Da Maris ya zo ta ce mujallar ta rage sashen Turanci, ba za ta iya sabunta masa takarda ba, kuma da ta faɗi haka idonta na kan tebur. Shafin yana nan har yau da taurarinsa biyar da sunan Rilwanu a ƙasa.

Sun koma Kano da azumi. Yanzu yana yi wa 'yan Kwari tafinta ta waya, Najiba kuma tana ta mita ba ta son sabuwar makarantar. Elhaji Issa ya sari tabaransa a wata ƙaramar masana'anta da ba ta taɓa yin talla ba. Duk sanda suka yi waya sai ya tambayi lafiyar idon ɗan Kano, Rilwanu ya ce ya warke, su shiga hirar farashin kaya. Ba wanda ya taɓa tayar da zancen jakunkunan 2013.