Gogen Delfina a Hannun Ermete

A layinmu na bayan babbar majami'ar Cremona a ƙasar Italiya, shagon Ermete Galbusera ne ya fi kowane ƙamshin itace da ƙaro. Mai gyaran goge ne, gajere, mai yatsu kamar na ungozoma. Tun yana saurayi tambaya ɗaya ke cinsa: me magabata suka sa wa gogensu har muryarsa ke ratsa ƙashi? Wasu sun ce itacen ne, wasu sun ce ruwan da aka jiƙa shi. Ermete ya rantse asirin yana cikin shafen ƙaron da ke jikinsa. Abokansa kan tsokane shi cewa da za a dafa masa ƙaro da tuwon masara, sai ya nemi ƙari.

Wata rana a lokacin kaka, da hazon kogin Po ya rufe gari, Delfina Zanotti, mai koya wa yara kiɗa, ta kawo masa gogen da ta gada daga kakanta. Gefe ɗaya ne ya ɗan ɓalle, ta ce ya manna kawai. Da shi take ci, da shi take hira tun rasuwar mijinta.

Ermete ya manna. Sai gogen ya kwana a gabansa, tsoho, baƙi-baƙi, yana kiransa. Ya buɗe cikinsa, ya share ƙurar da ta daɗe a kwance, ya kankari shafen kaɗan ya ɗanɗana. Bai ji komai ba sai ɗaci. Ya ƙara kankara. Da ya ga tabo, sai ya rufe shi da nasa shafen, ya goge har gogen ya yi ƙyalli kamar ango.

Delfina ta zo, ta ɗora shi a kafaɗa, ta ja bakan kiɗa a kansa. Sauti ya fito tsaf, amma ba kowa a cikinsa. Ta sake ja, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar gidan da aka tashi.

"Baba Ermete, wanka ka yi masa?"

Ya dubi ƙasa.

"Kakana yana ciki," in ji ta. "Ina ka kai shi?"

Ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, wannan ne ya fi ƙona shi. Ya yi shekaru yana roƙo ta bari ya sake gwadawa, tana cewa ya gwada ai. Daga baya ya koma gyaran kujeru. In ya biyo ta ƙarƙashin tagarta tana kiɗa, sai ya cire hula, ya tsaya ya saurari aikin hannunsa har ta gama.