Tafin Ƙafar Idrisa Direba

Idrisa direba ba ya iya zama wuri ɗaya. In aka ɗora shayi a ƙofar shagon Alhaji Abdulnasir a Kasuwar Assihar, kafin a zuba na biyu ya tashi ya zaga motarsa, ya daddanna taya, ya leƙa ƙarƙashi, ya dawo ya tsuguna, ya sake miƙewa. 'Yan kasuwa suna tsokanarsa wai ko a masallaci da ƙyar yake jiran liman ya sallame.

Shekara ashirin da uku ke nan da ya baro Damagaram, kuma kusan duk a hanyar Hirafok ya cinye su, yana kwaso wa Alhaji tumatir da albasa daga lambuna. Hanya ce ta tsakuwa da gangara, mai cin taya da haƙuri. A duk shekarun nan bai taɓa tuƙi da takalmi ba. Haka ubangidansa na koyon tuƙi ya koya masa, haka direbobin hanyar na da suke yi. In ka taka burki da ƙarfi taya ta kafe, ta daina juyawa, to mota ta fita hannunka, sai sulɓi, ka murɗa sitiyari duk yadda ka so ba za ta ji ba. Amma kafin ta kafe akwai wata 'yar rawa da ke hawowa ta ƙarfen burki zuwa tafin ƙafa. Mai ƙafa tsirara yana jin ta, sai ya sassauta, ya sake takawa. Sababbin motoci da kansu suke wannan aiki. Tasa kuwa tsohuwa ce tukuf, kuma da haka yake son ta.

Ana nan sai ciwon suga ya same shi. Ƙafar dama ta soma mutuwa daga yatsu, tana hawa a hankali. Likita ya gaya masa, shi kuma bai gaya wa kowa ba. Matarsa Rabi ce ta gane, ranar da ta ga ya taka garwashi a tsakar gida ya wuce abinsa.

"Baban Khalida, ka faɗa wa Alhaji," in ji ta.

"In faɗa masa me? In aje mota in dawo ina taya ki gadin tukunya?"

"Ba kai kaɗai ke bisa hanya ba."

Ya yi tsaki ya fita. Amma wallahi tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, don in ba mota bai san me zai yi da kansa ba. Zirga-zirgarsa ta ƙaru. Yakan tsaya a gangara ba dalili, ya fito ya buga ƙafar a kan dutse, ya ce wa ransa ai da sauran ji, sannan ya koma.

Wata Alhamis da hantsi, ya sauko kwalta da kaya maƙil, ya doshi unguwar Sersouf. Wata tsohuwa 'yar Abzin ta ɓullo daga bayan katanga tana kora awaki, ta shigo tsakiyar hanya. Idrisa ya taka burki. Ya jira ƙafa ta gaya masa, ƙafa ba ta ce komai ba. Tayoyi suka kafe, suka ɗauki ƙara, motar ta miƙe sak wajen tsohuwar. Ya murɗa sitiyari, a banza. Da kunne ya gane abin da ya faru. Ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya tun daga gwiwa, tayoyi suka saki, motar ta karkata, ya sake takawa. Ta gogi katanga, fitila ta tarwatse, ta tsaya. Tsakaninta da zanen tsohuwar bai kai kamu biyu ba.

Ya diro yana salati. Ya duba tsohuwar, ya duba awaki, ya koma ya duba taya, ya zago ta baya inda tumatir ya watse, ya sake zagowa. Bakinsa bai daina ba, yana cewa ai ya riƙe motar, ai ba a yi komai ba.

"Ɗana," in ji tsohuwar da Hausarta ta Abzinawa, "tsaya. Dubi ƙasa."

Ya duba. Sawun jini ne, na ƙafa ɗaya, ya kewaye motar har sau biyu. Ya ɗago ƙafar, ga gilashin fitila mai tsawon ɗan yatsa ya nutse a tafin. Ya zare shi yana kallo kamar daga ƙafar wani yake cirewa. Tsohuwar ta yagi bakin mayafinta ta miƙa masa, ta ci gaba da tattara awakinta.

Ya lalubo waya, ya kira Alhaji Abdulnasir.

"Alhaji, ina bakin Sersouf. A turo wanda zai ƙarasa da kayan."

"Subhanallahi. Motar ce ta lalace?"

Idrisa ya dubi sawun jinin da ya kewaye motar.

"Motar lafiyarta lau, Alhaji. Direba za ka nema."