Ranar da Ƙarfen Tanti Ya Ɗaga Kai

Ke Asabe, da ke Yagana, ku da kuka shigo aikin gidan nan a bayana, kun sha tambayata abin da ya sa ba a ɗaure kayan tafiya sai ina tsaye, da abin da ya sa nake cewa a kife tukwane can sama inda rana ke dukansu. To, ku saurara. Akwai rana ɗaya da ta ƙi fita raina. In na rufe ido, ga ta nan kamar jiya.

Ni dai aikina girki. Na shigo gidan Alhaji a nan Yerwa tun Hajiya na goyon fari. Hajiya ke faɗin abin da za a ci, ni ke riƙe da madafa, kuma in tafiya ta taso, kayan ci da na kwana a wuyana suke. Tuƙi da ɗauri kuwa na Modu ne, direban gidan na lokacin. Shi Babarbare, ni Bafulatana, don haka ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Kowa a gidan Inna yake ce mini, amma shi, ko da yake na isa in haife shi, bai taɓa kirana da komai ba sai Bafulatana.

Da kaka ne, a shekarun da aka fara samun sauƙin hare-hare, mutane suka soma komawa gonakinsu na bayan gari. Alhaji na da gona a gefen ƙauyen kakanninsa. Ya ce yaransa sun girma ba su san yadda ake roron wake ba, za a je a yi 'yan kwanaki can. Hajiya ba ta so ba, amma Alhaji bai yi gaggawa ba. Ya je da kansa ya gaida Bulama, wato mai garin, ya kuma sanar da maharban da ke gadin ƙauyen. Aka ce a zo, a kafa tanti a filin bayan gidan Bulama, cikin gari. Maharban suka ce za su sa ido ga farar motar Alhaji ta ƙofar gabas, inda hanya ke shiga.

Farar motar ta cika da yara, babu wurin kaya. Kaya sai Buzuzu.

Ku ba ku tarar da Buzuzu ba. Wata 'yar ƙaramar motar gona ce, ƙafafunta huɗu masu kauri, kujera biyu, ɗan akwati a baya, babu ƙofa, babu gilashi, sai ƙarafa da aka gicciya a sama. Yashi ba ya riƙe ta, laka ba ta riƙe ta. Yara ne suka sa mata sunan saboda kukanta. Kukan nan kuwa, in ba ka gan ta ba, sai ka rantse babur ne. Kun kuma san tun da aka hana babur a ƙasar nan, kukansa a daji ma'ana ɗaya gare shi: mahara sun taso.

Muka yi lodi yadda aka saba. Masu nauyi a ƙasa, buhun shinkafa da jarkokin ruwa. A kansu katifu da tabarmi da gidajen sauro. Tukwane na cusa su tsakanin katifu don kada su dame mu da ƙara. Gajerun ƙarafan tanti suka shige gefe. Saura na tsakiya, dogon, mai kauri kamar damtsen ƙato, wanda ya fi motar tsawo. Modu ya naɗe shi cikin zanen tantin, mai launin busasshen ganye, ya kwantar da shi a sama, ya ɗaure gaba, ya ɗaure baya. A ƙarshensa na baya muka rataya bokitai da butoci. Ni kuma na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa don mu sami inuwa.

"Bafulatana, riƙe da kyau," in ji Modu. "Ba ki da nauyi, in iska ta ɗauke ki ba zan tsaya nema ba."

Na ce, "Tuƙa dai, bawana. Da ka iya aiki da ba a haɗa ka da mai tsaronka ba."

A shingen bincike na fita gari muka sauka, aka duba kaya ɗaya bayan ɗaya, aka taɓa ƙarfen, aka ce mu wuce. Muka bi bayan farar mota har inda kwalta ta ƙare. Nan muka tarar ruwan damina bai gama janyewa daga mashigi ba. Farar mota dole ta zagaya ta gada, tafiya mai nisa. Alhaji ya leƙo ya ce, "Modu, ku naku ba ya jin laka. Ku yanke ta firgi ku riga mu, Inna ta ɗora tukunya kafin yara su iso da yunwa." Firgi ita ce baƙar ƙasar nan mai tsagewa in ta bushe. Modu ya san ta tun yana yaro. Babu wanda ya tuna cewa mai yankewa ta nan, ta yamma zai ɓullo wa garin. Waya kuma ba ta kamawa a wurin.

Muna tafe, muna tafe, daga mu sai tsuntsaye. Muka gangara wani kwari, Buzuzu ta yi tsalle ta dire, na ji wani abu ya yi tas a samanmu. Modu ya ce reshen ƙaya ne. Tabarma ta rufe mana sama, ba mu ga komai ba. Muka ci gaba.

Farkon abin da na gani, mata ne a gonar wake. Suka ɗago kai, suka dube mu, suka zubar da ƙorai suka ruga. Wata ta fizgi ɗanta ta hannu ɗaya, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Modu ya yi dariya ya ce, "Kin gani, sun hango Bafulatana." Gaba kaɗan wani mutum ya diro daga kan jakinsa ya bar shi nan ya shige dawa. Modu bai sake dariya ba.

Sai ga garin, da ramin da suka haƙa suka kewaye shi. Babu hayaniya, babu kukan yaro, ko kaza ban ji ba. Sai ƙarar bindiga, ƙasa ta fashe a gabanmu, ɓurɓushinta ya watso mini a fuska.

Modu ya kashe mota. Ya ce a hankali, "Inna, kada ki motsa."

Da na ji ya ce Inna, na san mun shiga abin da ya fi ƙarfinmu.

Murya ta taso daga bayan tudun ramin, da Kanuri, sannan da Hausa: mu sauko, hannu sama. Muka sauko. Aka ce Modu ya cire riga, ya juya, ya kwanta rub da ciki. Yana kwance yana ɗaga murya, yana faɗin sunan Alhaji da na mahaifin Alhaji, yana cewa baƙin Bulama ne mu.

Muryar ta ce, "Baƙin Bulama ta gabas za su zo, da farar mota. Suna kuwa kowa na iya koya. Mene ne wancan a kan motarku?"

Na waiwaya. 'Ya'yana, igiyar gaba ce ta tsinke a kwarin nan. Nauyin bokitai ya ja bayan ƙarfen ƙasa, gabansa ya ɗaga, ya miƙe yana kallon sama ta kan garin, naɗe cikin zanen nan mai launin daji. Ni da na ga lokacin da aka ɗaure shi, ni da na rataya masa buta da hannuna, da na dube shi sai zuciyata ta ce bindiga ce, irin wadda ake girkawa a bayan mota. To ina ga wanda ya taɓa ganin irinta ta shigo garinsu?

Aka ce, "Tsohuwa, cire hijabi."

Kun san dalili. An yi lokacin da ake ɗaura wa mata abin mutuwa a ƙarƙashin sutura a turo su cikin mutane, tsofaffi ma ba a bari ba. Tun da aka kai ni ɗakin miji ban taɓa tsayawa gaban maza ba lulluɓi ba. Na cire. Aka ce in kakkaɓe zanena, in juya. Na kakkaɓe, na juya, ina ji bakunan bindigogi na bin bayana ko da ban ga ko ɗaya ba.

Ina jin su suna gardama a bayan tudun. Wani mai zafin murya na cewa a buɗe wa motar wuta kawai, wataƙila wasu na biye da mu. Wani mai muryar manya na cewa a dakata. Modu ya ce a bar shi ya tashi ya kwance, su gani da idonsu ƙarfen tanti ne.

Mai zafin ya ce, "Ka taɓa shi ka gani."

Ga inda muka tsaya. Ba za su yarda ba sai an buɗe abin, wanda kuma ya kai hannu gare shi, shi za a harba. Rana na duka, Modu na kwance fuskarsa a ƙasa, ni ina tsaye kai ba lulluɓi.

Can mai muryar manya ya ce, "Tsohuwa, ke za ki hau. Ki fuskance mu, hannuwanki inda muke gani. Amma ki ji da kyau. In bakin abin nan ya sauko ya kalle mu, ba zan iya riƙe yaran nan ba."

Na taka zuwa mota. Da na zo wucewa ta kusa da Modu, ya yi magana cikin ƙasa, bai ɗago ba. "Inna, kada ki cire bokitan. Su ke riƙe da shi sama. In kin cire su, kansa zai faɗo wajen gari. Zanen kawai za ki zare."

Da bai faɗa ba, da bokitan zan fara, don su ne kusa da hannuna.

Na taka ƙafar mota, na taka buhu, na hau kan katifu. Ina karanta duk abin da na sani, wanda na iya da wanda na manta rabinsa. Siririyar igiya ce ta naɗe zanen, ƙullin Modu kuwa ba ya kwantuwa da daɗi ko a ranar lafiya. Ina kamawa, ƙullin na zamewa. Babu halin in ɗauko wuƙa, don tana cikin kaya, kuma hannun da ya shiga cikin kaya ba zai fito ba. Na sunkuya na kama ƙullin da haƙori. Na ja, na ja. Na ji gishirin jini a bakina. Giɓin nan da kuke gani in na yi dariya, a wurin na same shi.

Ƙullin ya saki. Na riƙe ƙarfen da hannu ɗaya don kada ya juya, na dinga warware zanen da ɗayan. Zanen ya zame, ya buɗe a gefen mota, ga tagarsa ta raga, ga igiyoyin turakunsa na lilo. Ƙarfen ya fito tsirara. Sai ya sulale ta baya a hankali, ya faɗi ƙasa, bokitai da butoci suka tarwatse da ƙara. Na runtse ido ina jiran harsashi.

Ba a harba ba.

Ban san abin da ya sa ba, na ce da ƙarfi, "Zan ɗauko tukunya." Ba wanda ya hana. Na zaro babbar tukunyar daga tsakanin katifu na ɗaga ta sama, baƙin gindinta na kallonsu.

Wani dattijo ya hauro tudun, bindigarsa a ƙasa. Shi ne shugaban maharban. Ya zo ya ɗaga ƙarfen, ya leƙa ta cikinsa ya ga sama ta ɗaya bakin. Ya ajiye. Ya ɗauko hijabina, ya kakkaɓe, ya miƙo mini yana kallon gefe. Babu wanda ya yi dariya, har mai zafin muryar da ya fito bayansa.

Da muka shiga garin, sannan na gane ba mu kaɗai muka ga mutuwa ba. Ƙofofi a buɗe. Takalma warwatse a hanya. Akuya ta tura kai cikin ƙwaryar gari babu mai korar ta. A ƙofar wani gida na tarar da wata tsohuwa da ta girme ni, ƙafafunta sun daina ɗaukar ta. Ta gyara lulluɓinta, ta fuskanci gabas, carbi a hannu. Surukarta ta so ta goya ta, tsohuwar ta ce a'a, ita dai ta kwashi yara ta tafi.

Ta dube ni ta ce, "Ku ne kuka zo?"

Na ce, "Mu ne, Yaya."

"Me kuka kawo?"

"Tanti da tukwane."

Ta ajiye carbin a cinyarta. Sannan ta ce, "To shiga ki sauke mini tukunyar can, tun ɗazu nake jin ƙaurinta."

Na shiga na sauke. A bakin murhun tsohuwar nan na zauna na yi kukan da ban yi a kan mota ba.

Har Alhaji ya iso mutane na dawowa daga daji ɗaya-ɗaya, ƙafafun yara duk ƙaya. Ba a kafa tantin ba. Shinkafar da aka kawo don kwanakin, a yinin na dafa ta duka, garin ya ci. Ƙarfen kuwa can muka baro shi, babu wanda ya ce a ɗauko. Modu ya yi shekaru yana aiki tare da ni bayan nan, bai sake kirana Bafulatana ba. Na sha tsokanarsa ko zai rama, sai ya yi murmushi ya ce, "To, Inna."

Da, na ɗauka lodi shi ne kaya su isa ba su fashe ba. Ranar na koyi cewa a ƙasar nan akwai mai hangen kayanka daga nesa, wanda bai san sunanka ba, kuma abin da ya taɓa gani ne zai gaya masa ko kai wane ne. Mutanen garin ba mugaye ba ne. Mu muka kai musu tsoro har gida, mu da butocinmu.

Don haka gobe in an zo ɗaure kaya, duk abin da ke da tsawo a kwantar da shi ƙasa, kada a naɗe shi da komai, a ninka masa igiya. Tabarmar yara mai ja da shuɗi ta leƙo ta gefe. Tukwane kuma a sama, a kife, su yi ta ƙara duk hanya. Ku bar su su yi. Ina so a ji mu tun daga nesa a san masu girki ne ke tafe.