Baba Barau Mai Makina

"Ba zan sa ba, ya mudir. Ba kuma zan yi kamar ni ke juya ta ba."

Amsar da Baba Barau ya ba Abdulwahab ke nan, sabon mudir, wato manajan lambun dabinon da muke aiki a Ƙuba, gefen Madina, ranar da aka miƙo masa tsohuwar riga da rawani aka ce su ne kayan aikinsa daga yau. Ina tsaye a wurin, don ni ke zagayawa da baƙi ina yi musu tafinta. Manajan ya tuna masa cewa iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, tana hannun masu lambun, kuma saura wata biyu ta ƙare. Baba Barau ya ce, "Na sani." Ya ninke rigar ya ajiye a kan kujera.

Lambun namu tsoho ne, an buɗe shi ga masu ziyara. In sun gama nafila a masallacin Ƙuba, bas kan kawo su su ci dabino, su huta a inuwa. Amma abin da ke tsayar da su shi ne makina, wani ƙaton injin gas da ke jan ruwa daga rijiya tun kafin lantarki ya iso gonakin nan. Shekara ashirin da shida ke nan Baba Barau, mutumin Tasawa, yana tayar da ita.

Da an idar da sallar asuba yake isowa. Ya taɓa bel ɗin da ke juya injin, ya tsoma yatsa a mai ya murza ya duba. Sai ya kunna wuta a ƙarƙashin kan injin, ya tsuguna yana jira har ƙarfen ya yi ja. Daga nan ya rungumi babbar tayar ƙarfen nan da ta fi shi nauyi, ya yi bismilla, ya wurga ta. Tum. Tum. Tum-tum-tum. Ruwa ya ɓalle ya bi magudana zuwa gindin dabino. Minti arba'in abin ke ci, ba ya gaggawa. "Tsohuwa ce," in ji shi, "sai da lallashi."

Zenabu mai shayi a bakin ƙofa ta fi kowa sanin wahalar da ya sha. Ita ta ɗaure masa hannu ranar da tayar ta dawo baya ta karya masa babban yatsa. Har yau a karkace yake. Ita kuma ta ga shekarar da wani ƙarfe ya tsage a cikin injin, aka ce an daina ƙera irinsa. Sau uku ya je Khaibar cikin tsananin zafi, yana bin gonakin da aka watsar, har ya samo matacciyar makina ya ciro nata. Bai yi daidai ba. Kwana tara yana goga shi da magagari.

"Kai Barau, ko jariri ba a yi masa wannan renon!" in ji Zenabu.

"Jariri gaba yake yi, Hajiya. Wannan kullum baya take yi, shi ya sa."

Bara wani dattijo mai suna Suhaib ya zo umara daga Wales, can ƙasar Birtaniya. Ya gaya mini garinsu ƙarami ne mai kasuwa, masaƙu da ramukan haƙar ma'adinai duk sun rufe, yanzu baƙi ke zuwa kallon tsofaffin injunan. Ya tsuguna kusa da makina ya ƙi tashi har bas ɗinsu ta yi ta hon. Ya ce in faɗa wa Baba Barau cewa a wurinsu mai iya tayar da irin wannan ya rasu, makinarsu tana tsaye an kewaye ta da igiya don kallo, ba ta motsi. Baba ya miƙa masa tsintsiyar hannu saboda baƙin mai. Dattijon ya ƙi, ya kama tafin ya riƙe.

To, abin da manaja ya shirya shi ne a ɓoye injin lantarki ya riƙa juya tayar, lasifika ta riƙa ba da ƙarar, shi kuma Baba ya sa rawani ya yi kamar ƙarfinsa ne. Hujjarsa, bas ba ta jiran minti arba'in, kuma hayaƙi na damun baƙi. Ni kaina na roƙe shi.

"Baba, wasa ne fa. Ka yi haƙuri ko don iƙamar."

"In wasa ne a rubuta a ƙofa cewa wasa ne, shi ke nan, gobe ma in sa rawanin. 'Yata, waɗannan baƙin Manzon Allah ne. A ce wata tsohuwa ta taso tun daga Damagaram ta ce mini, 'Malam, da gaske ita ke jan ruwan nan?' In ce mata me?"

Ba a rubuta ba. An kawo wani ya sa rawanin. Ni kuwa duk baƙon da ya tambaye ni, ina gaya masa lantarki ne, wanda ya ga dama ya kai ƙarata.

Baba Barau, kai ne ka nuna mini cewa ilimi ba a takarda kaɗai yake ba. Digirina bai san zafin da ƙarfe ke so ba, idonka ya sani. Kai ne namijin duniya mai ƙaramar murya. Mun gode, Allah ya saka. Ku kuma 'yan'uwana da ke aiki a ƙasar mutane, kowa da takardarsa a hannun wani, ku san akwai wanda aka tsoratar da ita bai lanƙwasa ba.

Ba a sabunta masa iƙama ba. Ranar Alhamis jirginsa zai tashi, fita ce ta ba dawowa. Yana da shekara sittin da huɗu, ba shi da gona a Tasawa. Jiya ya gaya mini abu ɗaya ya daɗe yana roƙon Allah: ya mutu a Madina a binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Ya san sarai zai rasa wannan lokacin da ya ce a'a.