Malam Badamasi da tukwanen irinsa

Kullum in an idar da sallar asuba, Malam Badamasi Lado ba ya komawa shimfiɗa. Ɗakin da ke bayan zaurensa a Rano yake shiga, ya bi tukwanen ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya cusa hannu cikin toka, ya ɗebo ƙwayar dawa ya duba ko ƙwari sun shiga. Malamin gona ne, bana ya yi ritaya. Ko lemo ba a raba ba ranar da ya ajiye aiki, kuma abin ya ci mini rai.

Shekara da shekaru ya yi yana yawo a kan tsohon babur, daga Dawaki zuwa ƙauyukan Kibiya, yana roƙon tsofaffi zangarniyar irin da suka gada, a lokacin da kowa ke rububin irin zamani. Dariya ake masa, har da ni. Amma Ishiyaku, wani manomi a Rurum Tsohon Gari, ya shaida mini cewa shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, jar dawar kakansa ce ta riƙe gidansa, kuma a tukunyar Malam ya samo ta.

Matsalar ita ce iri ba ya jira. In ya daɗe ba a shuka shi ba, mutuwa yake yi a tukunya. Ga gwiwoyin Malam sun ƙi, 'yarsa Hidaya ce kaɗai ke tsaya masa a gona.

Hidaya ilimin halittu ta karanta. Tun bara take laluben jami'ar da za ta yi digiri na biyu a fannin da ake bincikar ƙwayoyin gadon halitta da kwamfuta. Takan zauna a zaure tana karanto masa daga waya, shi kuwa tambayarsa ɗaya ce, ko suna aiki da dawa. Wasu jami'o'in, cututtukan ɗan Adam suka sa a gaba, wasu shinkafa. Da ta dace da wadda ke yi, sai ga ta da nisan gaske, ta ce za ta haƙura sai wani lokaci.

Ina wurin ya tambaye ta, "In kwamfutar ta gama karance irin nan, za ta iya tsirar da shi?"

"A'a, Baba. Sai dai ta faɗi abin da ke cikinsa."

Sannan ya ce, "To ki je. In ya mutu, a dai san ya taɓa zama a duniya." Da hannunsa ya ƙulle mata ɗan kowane iri a tsumma.

Kai ne ka tsare abin da muka yar, Malam, kai ne kuma ka sallami mai taimakonka alhali ka san abin da zai biyo baya. Daminar bana rabin tukwanen kawai ka iya shukawa, a durƙushe. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka lafiya.

Ku kuma manoman Rano da Kibiya, ba yabonku yake nema ba. Duk mai kunya ɗaya da zai iya warewa a gonarsa, ya je ya karɓi cikin tafin hannu ya shuka. Jiya na leƙa shi, na tarar yana wanke wata tukunya da irin cikinta ya mutu. Wannan kam an riga an makara.