Tsohuwar da ta ƙi magana gaban surukinta

Ko na tsufa haƙorana sun zube, ba na jin zan manta da wata safiyar Talata a wani asibiti a Wad Madani, birnin da Larabci ne yaren gari, lokacin ina shekara ta biyu a karatun jinya.

Ni 'yar garin Mai Wurno ce, amma a makarantar nan babu wanda ya san ni Bahaushiya ce. Tun ranar da wata 'yar ajinmu ta kwaikwayi Larabcin Hausawa masu tsinkar auduga, aji ya fashe da dariya, na kulle bakina, na daina Hausa a gaban kowa. Idan innata ta kira waya, sai in ruga bayan ɗakin kwana in amsa ƙasa-ƙasa. Yau in na tuna kunya ke kama ni, amma a lokacin gani nake wayo nake yi.

A safiyar nan aka shigo da wata tsohuwa daga Wad Haddad, ta rame, idanunta sun yi fari fat. Wani magidanci ne ya kawo ta, shi ke yi mata tafinta. Likita ya tambayi inda ke mata ciwo, mutumin ya maimaita da Hausa, ita kuwa sai ta ja tobinta, wato mayafinta, ta rufe fuska, ta kawar da kai. Har sau uku ana haka. Ga marasa lafiya cike a waje. Likita ya ce da alama ƙarancin jini ne, bari ya rubuta mata magani su koma gida.

Ni kam na riga na gano matsalar, domin na ji mutumin ya ce shi mijin 'yarta ne. A wurinmu tsohuwa ko ruwa ba ta sha a gaban surukinta, balle ta bayyana masa ciwon jikinta. Ta gwammace ta mutu da abinta.

'Yan ajinmu na tsaye kusa da ni, har da mai kwaikwayon nan. Na ce wa kaina, ina ruwanki, yi shiru kawai. Sai na ga mutumin ya sunkuya yana gyara mata takalma za su tafi. Wallahi ban san sa'ad da bakina ya buɗe ba.

"Malam, don Allah ɗan jira mu a waje," na ce da Hausa.

Ya dube ni baki sake, sannan ya fita. Na durƙusa gaban tsohuwar na ce, "Inna, ya hita. Mi ad damuwarki?"

Ta sauke tobin ta ƙura mini ido. "Ashe ke tamu ta? To mi ya hana ki magana tun ɗazu, ɗiyata?"

Ta jawo hannuna, ta raɗa mini cewa jini ke zubar mata tun bayan girbin dawa, ba ta gaya wa kowa ba. Na mayar wa likita da Larabci. Nan take ya ajiye takardar maganin, ya sa aka ba ta gado. An yi mata aiki, Allah ya ba ta lafiya, ta koma gida da ƙafarta.

Da muka fito, mai kwaikwayon ta ce, "Ashe ke Bahaushiya ce?" Na ce eh. Wasu suka ɗan yi ƙus-ƙus na kwana biyu, shi ke nan. Abin da na shekara biyu ina gudu bai wuce haka ba, har haushin kaina na ji. Daga ranar, duk tsohuwar da aka kawo daga ƙauyukanmu ni ake kira, kuma a wurinsu na gane dalilin da ya sa nake wannan karatu. Da na gama, ƙauyukan na zaɓa na koma aiki.

Abin da na koya shi ne, tsoro ba ya tsayawa kan mai shi. Ina zaton shiruna ni kaɗai ya shafa, ashe da na ƙara minti ɗaya ina riƙe da shi, wata baiwar Allah ce za ta biya da ranta.