Faifan da Ya Hau Bango

Mun tashi da asuba, liman na sallamewa muka zari takalmanmu, ni da taubashina, wani wanzami mutumin Kafin Dafga da ya kwana a gidana don kada mota ta bar shi. Ya ce zumunci ne ya sa zai raka ni Rogo. Ni kuwa na san mazarƙwaila ce ta kira shi.

Bari in faɗi abin da ya tayar da ni, saboda wanda bai san ni ba. Sana'ata zanen bango. Idan magina sun tayar da zaure aka yi yaɓe, ni ake kira in zana fuskarsa tun ƙasa tana ɗanya. Tun gemuna yana baƙi nake wannan aiki, daga unguwarmu Daura ta nan Karaye har ƙauyukan Kurugu. Sai dai zane ɗaya na iya: dagi a tsakiya, takobi dama, takobi hagu. In mai gida ya ce yana son sabon abu, sai in juya takubban su kalli ƙasa. Haka na yi ta cin tuwona, ba wanda ya kama ni.

Wanda ya kama ni wani Alhaji ne mai sayen gyaɗa da ya gina sabon zaure a bakin kasuwa. A gaban mutane ya ce, "Baba, in dagin nan naka ne da takubba, na gode, akwai shi a gidan surukina, akwai shi a gidan mahaucin unguwa. Kawo mini abin da ba a taɓa gani ba kafin ruwa ya sauka. In ba haka ba in ɗauko mai fenti daga Kano ya zana mini jirgin sama." Aka yi dariya, ni ma na taya su. Amma na san in mai fenti ya shigo Karaye ta ƙofar Alhaji, ni kam sai dai in koma miƙa wa magina tubali, da furfurata.

To akwai wani zaure a Rogo, na marigayi Tanko magini. Sau ɗaya na taɓa shigarsa ina saurayi, na ga wani zane a saman ƙofar shiga gida, da'ira ce mai layuka suna shiga juna suna fita, ba ka ganin inda suka fara balle inda suka ƙare. Tun daga ranar nake ƙoƙarin sace shi. Na gwada a bayan ɗakina, na gwada a jikin rumbu, kullum sai ya fito kamar an zubar da taliya. Ina cikin wannan damuwa sai wani mai kai rake ya ba ni labari cewa ɗan marigayin ya sayo siminti zai shafe zauren ciki da waje. Ban ƙara kwana biyu ba na ɗaura ɗamara.

Motar da muka samu irin mai bodin katako ce, an loda buhunan dawa aka ɗora mu a kai, sule biyu kowa. Taubashina ya yi ta ciniki wai a rage masa don ba shi da nauyi, direba ya ce bakinsa kaɗai ya kai buhu. A bayan motar an zana zaki da fenti, amma wanda ya zana shi ina jin bai taɓa wuce tunkiya a gani ba. Na ji sanyi a raina, na ce ashe masu fentin ma suna da nasu dagin.

Ana ta cewa gwamnati ta mayar da tuƙi hannun dama. A hanyar Rogo dai direba hannun da babu rami yake bi, in duka biyun da rami sai ya shiga gonar mutane. Bazara ce, zafi tun hantsi, ko'ina manoma suna sharar gona, hayaƙin kara yana tashi tsibi-tsibi. A wani rafi da ya ƙafe motar ta nutse cikin yashi, aka ce maza su sauka su tura. Na sa hannu ɗaya a jikin bodi ina ba da umarni, aikin da ya dace da shekaruna ke nan. Da muka haura, ƙasa ta fara canzawa, ja-ja mai danƙo, irin wadda in ka murza a hannu take kama yatsa. Sai fadamu kore shar da rake, ga doki yana zagaya injin matsa, ƙamshin mazarƙwaila yana biyo iska. Taubashina ya fara haɗiyar yawu. Ni kuwa gabas nake kallo, don hadari ya fara leƙowa can ƙasa-ƙasa.

Mun sauka Rogo rana ta ɗaga. Muka ci waina da miyar taushe wajen wata mata a bakin tasha, mai yawan yaji, ta taro ta ishe mutum in ba wanzami ba ne. Mutanen garin ba sa gaggawar gaisuwa. Wanda ka tambaya hanya sai ya tambayi gida da iyali da gajiya da labarin Karaye, ya tambayi ko an yi yayyafi wajenku, sannan ya nuna maka lungun da kake tsaye a bakinsa.

Da muka isa gidan, sai na tarar an riga ni. Ga buhunan siminti a ƙofa, ga masu shafe sun riga sun cinye fuskar zauren da bangon hagu na ciki, sumul kamar goshin jariri. Mai gidan tela ne, mutum mai fara'a. Muka gaisa, muka yi wa mahaifinsa addu'a, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Ayya Baba, ai da ka aiko da an jira ka. Bangon yana zuba ne duk damina, na gaji da yaɓe. Yanzu sun tafi cin abinci, sai bayan azahar za su dawo. Ka kalla iya son ranka."

Na shiga. Zanen yana nan a saman ƙofar ciki, shi kaɗai ya rage, hayaƙi ya yi masa baƙi, gefe guda ya ɗan zube. Amma wallahi ya fi yadda na riƙe shi a kaina kyau. Na yagi takardar buhun siminti, na zaro fensirin da aka ba ni a ajin yaƙi da jahilci, yaƙin da ni dai ban ce mun ci ba. Na yi yadda kowane mai zanen bango yake yi, yadda ubangidana ya koya mini: ka fara ja iyaka, ka zagaye filin aikinka, sannan ka cika ciki. Na ja da'ira, na fara shigo da layuka daga baki. Kafin in kai tsakiya sun cunkushe, wannan ya hau wancan. Na sake yagar takarda. Haka dai. Taubashina yana tsugune yana shan rake, ya leƙo ya ce, "Bawana, hanjin kaza kake zanawa? In Alhaji ya gani zai ce a kawo wuƙa." Na ce ya ji da askinsa da ke barin kan mutane kamar gonar da aka yi wa noman ƙeta. Amma gumi nake, don na ji ladan yana gyaran murya.

Sai ga wata tsohuwa ta fito daga cikin gida da ƙwaryar fura a rufe da faifai. Mahaifiyar telan ce, matar marigayin, ta tsufa har ta wuce kulle. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta ajiye furar, ta tsaya a kaina tana kallon takarduna. Can ta ce, "Malam, daga baki kake farawa?"

Na ce, "Iya, ai haka ake yi."

Ta ce, "Wa ya taɓa fara faifai daga baki?"

Ta ɗauke faifan daga kan furar ta ɗaga shi sama, daidai zanen. Jama'a, shi ne. Layukan nan ja da baƙi da ke bin juna a jikin faifan, su ne a bango, ba ragi ba ƙari, sai dai na bangon ya fi girma. Ta ce kullum da safe in ta kai wa maigidanta koko, ba ya sha sai ya ɗauki faifan ya yi ta juya shi a hannu, har kokon ya huce ta yi faɗa. In ta saƙa sabo, kafin wata ya mutu sai ta ji an ce Tanko ya fito da sabon zane a gidan wane. "Mutane suna ta yabonsa," in ji ta, "ni kuwa ina cikin gida ina dariya. Hau turmin nan ka taɓa tsakiyar."

Na taka turmi, taubashina ya riƙe mini ƙafa yana cewa in na faɗo shi ba ya ɗori. Na laluba tsakiyar zanen, sai na ji ɗan rami. Na sa babban yatsana, ya zauna daram. Nan marigayi ya dangwala yatsa a ɗanyar ƙasa, daga nan ya fara zagayawa yana buɗewa waje, yadda mata suke ƙulla cibiyar faifai su yi ta naɗi. Shi ya sa layukansa ba sa cunkushewa: kullum fili suke samu a gabansu. Ni kuwa na shekara da shekaru ina koro su daga waje zuwa cikin matsi, ina zagin hannuna.

Na rufe ido na bi layin da yatsa daga cibiya har baki, na sake, na sake, har hannuna ya riƙe. Da na sauko na ce Iya ta nuna mini yadda ake ƙulla cibiyar. Ta aika aka kawo kaba da basilla, na zauna a gabanta na miƙe ƙafa. A haka masu shafe suka dawo suka same ni, dattijo da gemu yana saƙar faifai. Ɗayansu ya ce, "Sannu da aiki, Inna." Na amsa masa da "Yauwa ɗan nan," na ci gaba da abina.

Da suka jawo kwanon siminti wajen ƙofar, tsohuwa ba ta tashi ba. Ta ce wa ɗanta, "Sauran bangon na ubanka ne, ka gada, ka yi yadda ka so. Wannan faifaina ne, kuma ban mutu ba." Tela ya sosa ƙeya, ya ce wa masu shafe su zagaye shi. Ga shi can yanzu, baƙi a tsakiyar farin siminti, duk wanda ya je Rogo ya roƙi a nuna masa.

Na so ta sayar mini da faifan. Ta ce, "Mai ɗakinka ba ta saƙa?" Na ce tana yi. Ta ce, "Wane iri?" Matar da kullum take rufe mini tuwo da faifan hannunta, ban iya faɗin ko launi ɗaya ba. Ɗagawa nake in jefar gefe, idona yana kan miya. Iya ta mayar da nata kan ƙwarya ta ce, "To je ka roƙi nata."

Mun kwana a gidan telan, washegari muka biyo motar rake. Taubashina ya cika jakarsa ta aski da mazarƙwaila har ƙahon sana'arsa ya rasa wurin zama. A hanya aka yi ɗan yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa a motar yana murna, ni ina roƙon Allah ya ɗan riƙe shi tukuna.

Ina shiga gida na ce wa mai ɗakina Hajara ta fito mini da faya-fayanta duka. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, sayarwa za ka yi?" Na ce kallo zan yi. Ta ce, "A Rogon me aka ba ka ka sha?" Ta dai baje su a tabarma. Akwai wani mai zubin tauraro, ja da rawaya, layinsa yana karyewa yana komawa kamar tafiyar ruwa a kunya. Tun auren babbar 'yarmu yake gidan, ranar na fara ganinsa.

Na sa aka yi wa zauren Alhaji sabon yaɓe, na hau tsani tun da sassafe, na yi bisimilla na dangwala babban yatsa a tsakiya. Ban ja iyaka ba. Na yi ta zagayawa, layi yana buɗewa, hannuna yana tafiya kamar an sake shi daga mari. Da ya sha iska na bi shi da jar ƙasa da farar ƙasa, na shafe da makuba don ruwa. Ranar kasuwa aka cire zanar da aka kare bangon da ita. Alhaji ya fito ya tsaya ya ƙare masa kallo, sannan ya juya wajen mutanen da ya kunyata ni a gabansu ya ce, "A bar jirgin nan a Kano." Kafin la'asar mutum biyu daga Kurugu sun ce in zo in duba nasu zauren. Daren nan aka yi ruwan shuka, da safe zane yana nan garau.

Sai dai ban gama shan yabo ba, wasu tsofaffin mata masu kai daddawa kasuwa suka tsaya a gabansa. Ɗaya ta ce, "Ke, wannan ba faifan Hajara ba ne?" Ɗayar ta ce, "Shi ne mana, har karyewar layin." Yanzu duk Karaye ba mai cewa zanen Baba. Zauren faifan Hajara ake cewa, har masu ba da kwatance.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan. Na hau buhun dawa, na tura mota da hannu ɗaya, na zama Inna a bakin masu shafe, duk don a nuna mini abin da nake jefarwa gefe safe da yamma. Kuma aiki daga cibiya ake fara shi. Yanzu kokona kullum a huce nake sha, ana yi mini faɗa. Ta fara sabuwar saƙa a makon nan, in ta ji motsina sai ta tura ta ƙarƙashin zaninta. Ta ce ba zan gani ba sai ta gama, don ɓarawo a gidan yake kwana.